Bawa ko Bara? Sharhi a kan Littafin Mark Noll game da Bauta da Littafi Mai Tsarki

Littafin da za mu duba a cikin wannan takarda ƙarami ne, bai wuce shafi 200 da 'yan kai ba, amma tambayar da ya ɗauko ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Sunansa The Civil War as a Theological Crisis, watau yaƙin basasar Amurka in an dube shi a matsayin rikicin malaman addini. Mark Noll, masanin tarihin ikkilisiyoyin Amurka, shi ya wallafa shi cikin 1 ga jerin littattafansa a kan wannan sha'ani, a shekarar 2006. Ga tambayar a taƙaice. A 1860 akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a ƙasar Amurka. Galibin mutanen ƙasar, na Kudu da na Arewa, Kiristoci ne 'yan Furotesta, littafinsu ɗaya, fassararsu ɗaya, watau ta Sarki James ta 1611. Duk sun yarda maganar Allah ce, sun kuma yarda cewa kowane mai hankali zai iya buɗe ta ya fahimta ba sai da limami ba. To, yaya aka yi suka kasa daidaitawa a kan ko mallakar mutum zunubi ne ko ba zunubi ba ne, har Metodis suka rabe biyu a 1844, Baftis suka bi sawunsu a 1845, daga bisani kuma ƙasar kanta ta rabe, aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka hallaka?

Noll ya buɗe da wa'azozin da aka yi gab da ɓarkewar yaƙi, kuma zaɓin nan nasa ya yi kyau ƙwarai. A Burukulin, Henry Ward Beecher ya hau mumbari ya ce bauta ita ce babban zunubin ƙasa. A cikin garin nan ɗaya, Henry Van Dyke ya ce a'a, masu neman a kashe bauta su ne suka bar Littafi, kuma hanyarsu ba ta ƙarewa sai a kafirci. A ran 4 ga Janairu 1861, ranar da shugaban ƙasa Buchanan ya keɓe don azumi da addu'a, wani malamin Yahudawa na Niyu Yok, Morris Raphall, ya duba Attaura da harshenta na asali ya ce bai ga inda ta kira mallakar bawa zunubi ba, ko da ya ke ya ƙara da cewa bawan Ibraniyawa mutum ne a idon shari'a, na Kudancin Amurka kuwa an mai da shi kaya. Wannan ƙarin ba wanda ya kula da shi a Kudu. Sun ɗauki rabin da ya yi musu daɗi suka buga suka yi ta rarrabawa.

Jigon hujjar Noll shi ne cewa masu goyon bayan bauta suna da hanya mai sauƙi, abokan gabansu kuwa tasu mai wuya ce. Na farko sai ya ce maka, buɗe Littafin Firistoci sura 25, aya 44 zuwa 46, inda aka yarje wa Isra'ilawa su sayi bayi daga al'umman da ke kewaye da su, su bar wa 'ya'yansu gado. Buɗe Afisawa sura 6 da Kolosiyawa sura 3, inda Bulus ya umurci bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya. Buɗe wasiƙarsa zuwa ga Filimon, inda ya mai da Unisimas wurin ubangijinsa. Shi ke nan, karatu ya ƙare, ko manomin da ya yi aji biyu ya gane. Na biyu kuwa ko dai ya yi ta kiran “ruhun” Linjila, a ce masa ina ayar, ko kuwa ya shiga dogon bayani a kan yadda bautar zamanin da ta bambanta da ta Amurka, bayanin da ke bukatar tarihi da nahawu da haƙuri, abubuwa uku da taron jama'a ba ya tanadinsu. Ga kuma irin su William Lloyd Garrison, waɗanda suka nuna in Littafi ya halatta bauta to a shirye su ke su ajiye shi, suka jawo aka yi wa sauran kuɗin goro, duk mai ƙin bauta aka ce maƙiyin Littafi ne.

Abin da ya fi ba mai karatu tausayi shi ne halin manyan malamai. Moses Stuart na Andover, wanda ya rubuta nahawun Ibrananci, kuma a ke lissafa shi gaba a cikin masanan Littafi Mai Tsarki na Amurka a zamaninsa, ba ya son bauta. Duk da haka a 1850, shekarar da aka kafa dokar kamo bayin da suka gudu Arewa, ya rubuta cewa ayar Maimaitawar Shari'a sura 23, wadda ta hana a mai da bawan da ya tsere ga ubangijinsa, tana magana ne a kan wanda ya gudo daga ƙasar arna zuwa Isra'ila, don haka ba ta shafi bawan Birjiniya da ya gudu Boston ba. Charles Hodge na Princeton tun 1836 ya riga ya ce mallakar bawa ba zunubi ba ce a kan kanta, sai dai zaluncin da ke biyo ta. Mutanen nan ba jahilai ba ne, ba kuma 'yan amshin shata ba ne. Ilminsu ne ya kai su nan, kuma Noll bai ɓoye wannan ba. Ya rufe wannan sashe da ba'a mai ɗaci, cewa a ƙarshe janar-janar Grant da Sherman su ne malaman da suka yanke ma'anar ayoyin.

Babin da ya fi duk sauran ƙarfi a ganina shi ne wanda ya ɗauko take daga maganar Philip Schaff ta 1861, cewa matsalar baƙin mutum ta fi matsalar bauta zurfi. Noll ya nuna cewa Turawan ɓangarorin biyu, in ban da 'yan kaɗan, in suka karanta “bawa” a cikin Littafi sai idonsu ya gano musu baƙin mutum, alhali ba wata aya da ta ɗaure bauta da launin fata. Da sun bi Firistoci 25 harafi da harafi, da sun tarar su kansu, tun da ba Isra'ilawa ba ne, suna cikin al'umman da a ke iya saye. Abin da suka liƙe ramin da shi shi ne labarin Nuhu a Farawa sura 9, inda kuwa la'anar ta faɗa a kan Kan'ana, ba a kan Ham ba, ba a kuma ambaci launi ba sam. David Goldenberg ya bi asalin sunan Ham a littafinsa na 2003, ya nuna bai fito daga saiwar da ke nufin baƙi ko zafi ba, kamar yadda aka daɗe ana zato. Mu nan wannan labari ba baƙo ba ne. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya ƙi yarda a kafa hujja da shi don bautar da baƙaƙe, a cikin amsar da ya ba mutanen Tuwat, inda har ya ambaci Kano da Katsina. Masu nazarin harshe kuma sun san sunan Ham ya bi mu har cikin aji, gama Carl Meinhof a 1912 ya sa Hausa cikin “harsunan Hamawa”, sai da Joseph Greenberg ya rushe wannan rukuni daga 1950, ya ajiye Hausa cikin dangin harsunan Cadi.

To, yanzu sai mu zo kan kalmar kanta, wadda Noll ya wuce ta da sauri, mai nazarin harshe kuwa dole ya tsaya.

Kalmar Helenanci doulos ta zo fiye da sau 120 a Sabon Alkawari. Fassarar Sarki James ba ta juya ta da slave ko sau ɗaya ba. Galibi servant ta ke cewa, jefi-jefi kuma bond ko bondman. Kalmar slave sau biyu tak ta fito a cikin fassarar duka, a Irmiya sura 2 da Wahayin Yahaya sura 18, kuma a wuri na biyun asalin Helenancin “jikuna” ya ce. A Ingilishi kuwa servant tana ɗaukar wanda a ke biya lada, ya ga dama ya bar aiki. Wannan ƙofa ce masu ƙin bauta suka gani a buɗe suka afka. Theodore Weld a 1837 ya yi ƙoƙarin nuna cewa bayin Attaura ma'aikata ne da suka shiga aiki da yardarsu. Albert Barnes a 1846 ya ce doulos ba lalle tana nufin wanda aka mallaka ba, har ya yi shakkar ko Unisimas bawa ne. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma nahawu bai goyi bayansu ba. Ibrananci yana da ebed yana kuma da sakir, ɗan ƙodago, kuma a cikin Firistoci 25 ɗin nan aka jera su biyu aka bambanta, inda aka ce ɗan'uwa Ba'isra'ile in talauci ya sa ya sai da kansa kada a sa shi aikin ebed, a riƙe shi kamar sakir. Helenanci ma yana da misthios na mai aikin lada, da diakonos na mai hidima. Harshen da ya tanadi kalma dabam don ɗan ƙodago, in ya ce doulos ya san abin da ya ke faɗi. A nan malaman Kudu su ke da gaskiya, kuma sun san suna da ita, shi ya sa suka yi ta jan muhawarar zuwa wannan fage.

Bahaushe ba zai faɗa wannan rami ba, domin harshensa bai ba shi mafakar da Ingilishi ya ba Turawa ba. Muna da bawa muna da bara, ba kuwa mai haɗa su. Bara yana iya sallama da ubangidansa ya koma wani gida, bawa sai da fansa ko 'yantawa. Mai juya Littafi zuwa Hausa tilas ya zaɓi ɗaya, kuma a farkon wasiƙar Romawa, inda Bulus ya kira kansa doulos na Almasihu, fassarar Hausa bawa ta ce. Kunnenmu bai ji wani baƙon abu ba, tun da ya ke kullum muna cewa bawan Allah, kuma kalmar bauta a wurinmu ta haɗa sujada da ƙangi, daidai yadda saiwar nan ta abada ta haɗa su a Larabci da Ibrananci. Abin lura ne kuma cewa J. F. Schön, wanda ya fitar da Matiyu da Yahaya da Ayyukan Manzanni da Hausa a 1857, ya ƙara gyara Hausarsa ne daga bakin Dorugu, yaron da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855.

Amma fa sanin ma'anar kalma bai kai mutum ga sanin abin da ta rufe ba. Mu ɗauki tamu. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a fadar Kano ta ƙarni na 19 bayi ne, suna da dawaki da gandaye da faɗa a ji. Wanda ke noma a rinji shi ma bawa ne. Akwai bacucane da aka haifa a gida, akwai mai biyan murgu yana sana'ar kansa, akwai wanda aka kamo jiya ana shirin kai shi kasuwa. Kalma ɗaya, rayuwa iri iri, a ƙasa ɗaya da zamani ɗaya. Ina ga kalmar da aka ɗauko daga Kan'ana, aka bi da ita ta Roma, aka sauke a gonar auduga bayan shekara dubbai? Dokar Birjiniya ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ta 1667 ta ce baftisma ba ta 'yanta kowa. Shari'ar Kudu ba ta san auren bayi ba, ana sai da miji gabas mata yamma. A Fitowa sura 21 kuwa, ubangijin da ya fasa wa bawansa ido ko ya cire masa haƙori dole ya sake shi. A Roma wanda ɗan ƙasa ya 'yanta bisa ƙa'ida ya kan zama ɗan ƙasa. Wannan ita ce hujja mai wuya da Noll ya nuna yana ganin ƙimarta, yana kuma baƙin cikin rashin masu sauraronta.

Sai dai ni ban ga ta kai inda ya ke fata ba. Iyakar abin da ta tabbatar shi ne Amurkawa sun ɓata tsarin bauta, watau da sun gyara shi da ba laifi, kuma ai abin da Hodge ke faɗi ke nan. Sa'an nan ba gaskiya ba ne cewa bautar da tana da sauƙi. A cikin Fitowa 21 ɗin nan aka ce in bawan da aka duka ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya mutu, ba a hukunta ubangijinsa, gama dukiyarsa ne. Binciken Orlando Patterson na 1982 da na Jennifer Glancy na 2002 sun nuna bawan Roma ba shi da iko ko da a kan jikinsa, kuma Kiristocin farko sun zauna cikin wannan tsari, wasunsu ma da bayinsu. Malamin da ke son ya wanke matanin da sabulun ƙamus ko na tarihi zai sha wuya, ƙarshe kuma tabon na nan.

Babban saɓanina da Noll yana wani wuri. Sau da yawa ya kan yi magana kamar masu goyon bayan bauta su ne suka riƙe karatu na zahiri, sauran kuwa suka kauce masa. Ina ganin ya ba su fiye da haƙƙinsu. Ba wanda ya karanta Littafin nan duka da murya ɗaya. Fitowa 21, aya 16, ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum ya sayar, da wanda aka same shi a hannunsa. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti, sura 1, ta jera masu satar mutane tare da masu kisankai. Kowa kuwa ya san yadda kakannin bayin nan suka bar gaɓar Afirka. Ayar bawan da ya gudu, da zahirinta aka bi, da dokar 1850 ba ta tsaya ba. Da aka zo kan waɗannan sai ga masu karatun zahiri sun zama masu tawili, suna neman tarihi da dalilin saukar aya, kamar yadda muka ga Stuart ya yi. Watau kowane ɓangare yana da ayoyin da ya ɗora a sama su yi hukunci, da waɗanda ya sa a ƙasa a yi musu bayani. Abin da ya sa jerin Kudu ya yi kama da “zahiri” shi ne ya dace da abin da ido ya saba gani a kasuwa da gona. Noll ya san wannan, ya ma taɓa shi a babin launin fata, amma bai bar shi ya gyara sauran littafin ba.

Da ya bar shi, da ya ba bayin kansu fili fiye da wanda ya ba su. Ya ambaci marubuta baƙaƙe irin su Frederick Douglass, amma miliyoyin da ba su bar rubutu ba kusan ba a jin motsinsu. Ga shi kuwa akwai shaida. Charles Colcock Jones, mai wa'azi ga bayi a Jojiya, ya rubuta da hannunsa cewa a 1833 ya yi musu wa'azi daga wasiƙar Filimon, ya tsawata a kan gudu, sai rabin taron suka tashi suka fice, waɗanda suka zauna ma ba su yarda da shi ba. Howard Thurman, a littafinsa na 1949, ya ba da labarin kakarsa da aka haifa cikin bauta a Fulorida. Ba ta iya karatu ba, shi ya kan karanta mata Zabura da Ishaya da Linjila, amma ba ta yarda ya karanta mata wasiƙun Bulus, sai dai sura 13 ta Korantiyawa ta fari wani lokaci, saboda limamin ubangijinta ya ishe su da ayar biyayya. Wani zai ce ai wannan son zuciya ne, ba ilmi ba. To, me za a kira aikin waɗanda suka buga zaɓaɓɓun sassan Littafi a London a 1807 don bayin tsibiran Indiya ta Yamma, suka tsallake fitar Isra'ilawa daga Masar, suka bar ayar biyayya? Me kuma ya sa jihohin Kudu da dama suka hana koya wa bawa karatu, musamman bayan tawayen Nat Turner na 1831, in har zahirin Littafin yana tare da su? Wanda ya amince da shaidarsa ba ya hana ta magana. Tsohuwar nan ta ɗora Fitowa a kan Afisawa, ubangijinta ya ɗora Afisawa a kan Fitowa. Aiki iri ɗaya su ke yi, sai dai ita ba ta ce nata ne kaɗai karatu ba.

Babobin ƙarshe, a kan yadda Kiristocin ƙasashen waje suka ga rikicin, su ne sabon abu a littafin, kuma sun cancanci yabo don wahalar tono jaridun Faransa da Jamus da Italiya. Mujallar 'yan Jesuit ta Roma, La Civiltà Cattolica, ta ce ga sakamakon barin kowa ya fassara Littafi da kansa ba tare da hukumar da za ta raba gardama ba. Noll bai ce sun yi daidai a kome ba, amma a fili ya ke zargin ya shige shi. Mai karatu dai ya riƙe wasu abubuwa a zuciya. Paparoma Gregory na 16 ya la'anci cinikin bayi a 1839, nan da nan Bishop John England na Charleston ya bayyana cewa wasiƙar ba ta shafi bayin da ke cikin gida Amurka ba. Shekara guda kafin wannan, 'yan Jesuit na Merilan sun sai da bayi 272 don biyan bashi, har da na kwalejinsu ta Georgetown. Kyuba ba ta kashe bauta ba sai 1886, Birazil sai 1888, duka biyu kuwa ƙasashen Katolika ne. Ashe maganar hukuma ma matani ce, ana yi mata tawili kamar kowace aya.

Babin da ya yi a kan yadda kowane ɓangare ya riƙa ganin hannun Allah a cikin nasararsa da faɗuwarsa yana da daɗin karatu, amma bai ƙara wa hujjar kome ba.

A rufewarsa Noll ya ce tun daga yaƙin nan Littafi Mai Tsarki ya rasa matsayinsa na alƙali a sha'anin mulkin Amurka, masu addini suka riƙa jin nauyin kawo aya a gaban jama'a. Wannan ya yi daidai in Turawan Furotesta a ke nufi. Ikkilisiyoyin baƙaƙe ba su ja da baya ba. Wasiƙar da Martin Luther King ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963 amsa ce ga malaman addini takwas, duk Turawa, da suka ce ya yi gaggawa, kuma cike ta ke da Amos da Bulus da mutanen nan uku da aka jefa cikin tanderu a littafin Daniyel. Babban taron Baftis na Kudu, wanda aka kafa a 1845 a kan batun masu bayi, sai a 1995 ya fito ya nemi gafarar baƙaƙe. Noll da kansa ya komo kan wannan zango na tarihi a wani littafi, God and Race in American Politics, na 2008, inda addinin baƙaƙe ya sami fili mai faɗi. Malamin kwalejin horon malamai da ke son ya koyar da wannan batu ya haɗa su biyu, ya kuma ƙara da Slave Religion na Albert Raboteau, na 1978, inda zai sami labarin Jones da taron da ya watse masa.